Yadda Za Ka Gano Suha, Tauraruwar da Ake Gwada Ido da Ita

Wani dare a farkon damina, ruwa ya ɗauke tun la'asar, wuta ma an ɗauke ta, muna zaune a tsakar gida muna shan iska, sai na nuna wa ɗan ƙanena taurarin nan bakwai na arewa masu kama da ludayi, na ce ya ƙirga mini su. Ya ƙirga ya ce takwas ne. Na ce ya sake. Ya sake, ya ce, "Baffa, ai na tsakiyar mariƙin nan goyo gare shi." Na ƙura ido har sai da na yi ƙwalla, ɗaya dai nake gani. Na shiga ɗaki na ɗauko tabarau ɗin da likita ya rubuta mini tun bara nake ta ƙyuyar sakawa, ina ɗorawa kuwa sai ga goyon nan fes. Yaro ya fi ni gaskiya.

Babban tauraron sunansa Mizar. Ƙaramar da ke maƙale da shi Turawa na ce mata Alkor, Larabawa kuma Suha, wato wadda ake mantawa da ita. Shawarata a kansu take: yadda za ka same su, da yadda za ka karanci halinsu da idonka kafin ka nemi wata na'ura.

Fara da sanin lokaci, don a nan mutane da yawa ke shan wahalar banza. A yawancin ƙasashen Turai ludayin nan ba ya faɗuwa duk shekara, amma mu da muke kusa da tsakiyar duniya yana fito mana yana faɗuwa kamar sauran taurari. Daga Oktoba zuwa Disamba kada ka ɓata lokacinka da nemansa bayan isha'i, yana ƙasa. A Janairu sai dare ya raba yake tasowa sosai, amma mai fita sallar asuba zai tarar da shi a ƙoli. A Fabrairu da Maris yana fitowa ta arewa maso gabas da misalin ƙarfe tara zuwa goma, kan ludayin a gaba, mariƙin na biye, kamar an tsayar da shi a kan ƙotarsa. A Afrilu yana kai ƙoli da tsakar dare, a ƙarshen Mayu kuwa da wajen ƙarfe tara, a kife, kamar an gama shan fura an kifar da shi. Zuwa Yuli da Agusta za ka gan shi yana gangarawa arewa maso yamma, kai ƙasa, mariƙi sama. Ni a ganina Mayu da Yuni sun fi, musamman daren da ruwa ya wanke ƙura gajimare kuma ya watse. Hazon hunturu abokin gabar Suha ne. Yakan shafe ta ƙaf ya bar Mizar shi kaɗai.

Ka fuskanci arewa. Idan kana Kano, Mizar kan kai tsayin digiri 47 daga ƙasa in ya hau ƙoli, wato ya ɗan wuce rabin tafiya tsakanin doron ƙasa da saman kanka. A Damagaram ya fi haka kaɗan, a Agadas ya kai 52, a Kumasi kuwa wajen 42. Ba ka buƙatar ma'auni. Miƙe hannunka iya tsawonsa ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen nan digiri goma ne a sararin sama, ɗan ƙaramin yatsanka kuma digiri ɗaya. Ludayin gaba ɗaya ya kai dunƙule biyu da rabi, saboda haka kada ka tsaya neman wani ɗan mitsitsin abu irin Kaza da 'Ya'yanta. Wannan babba ne, ya mamaye wuri. Taurari huɗu su ne kan ludayin, uku mariƙi. Mariƙin yana da gwiwa, Mizar shi ne a kan gwiwar, na biyu daga ƙarshe. Suha tana ta bayan gwiwar, ta wajen da lanƙwasar ta turo.

Littattafan Larabci suna kiran taurarin nan bakwai Banatu Na'ashin: huɗun makara ce, ukun kuma 'yan mata ne masu bin ta. Buzaye kuwa taguwa suke gani a wurin. Sunan Mizar daga kalmar Larabci ta gyauto ya fito. A Indiya Mizar da Suha miji da mata ne, Basishta da Arundati, har a wasu bukukuwan aure ango kan nuna wa amarya su. Ingilawa na ce musu doki da mahayi. Kowa dai da abin da ya gani, amma duk sun lura biyu ne.

To, ka samu wurin. Kafin ka yanke hukunci a kan idonka, ba shi haƙƙinsa. Ajiye waya a aljihu, ka juya wa fitilar maƙwabta baya, ka zauna minti ashirin zuwa talatin a duhu. Ido yana buƙatar wannan lokacin kafin ya buɗe wa haske mai rauni, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. In dole sai ka haska wani abu, ɗaure bakin tocila da jar leda, jan haske bai cika ɓata sabon ido da duhu ba. Guji daren da wata ya cika. Idan ka duba Mizar kai tsaye ba ka ga komai a gefensa ba, ɗan kawar da ido gefe kaɗan kana lura da shi ta wutsiyar ido, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin haske mai rauni. Sannan ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka duba, ka sauya. Mutane da yawa a nan suke gano cewa ido ɗaya ne ya daɗe yana yi wa ɗan'uwansa aiki.

Marubutan Larabci irin su Alƙazwini na ƙarni na 13 sun ambaci cewa mutane na gwada ganinsu da Suha, har Larabawa suna da karin magana a kan wanda ake nuna wa Suha shi kuma yana nuna wata, wato ana yi masa magana mai zurfi yana amsawa da abin da kowa ya sani. Amma kada ka ɗauki wannan gwaji da girman da bai kai ba. Tazarar da ke tsakanin taurarin biyu kashi ɗaya ce cikin biyar na digiri, ta ɗan haura sulusin faɗin cikakken wata. Lafiyayyen ido yana iya raba abubuwan da suka fi haka kusanci sau goma. Abin da ke ɓoye Suha shi ne raunin haskenta a kusa da maƙwabci mai ƙarfi. In ido ba ya tattara haske daidai, sai Mizar ya baje kamar ɗigon tawada a jiƙaƙƙiyar takarda ya haɗiye ta. Saboda haka ganinta ba ya nufin kana da idon shaho, yana nufin idonka na aiki yadda ya kamata. Rashin ganinta a dare mai kyau, alhali na kusa da kai suna gani, shi ne abin lura. Je asibitin ido a auna ka. In kuma ba Suha kaɗai ba, duk taurari ne ke dushe maka kuma tafiya cikin duhu na ba ka wahala, wannan ya yi kama da dundumi, wanda rashin sinadarin bitamin A na cikin abubuwan da ke kawo shi, kuma magana ce ta likita. Tauraro ba ya rubuta magani.

Yanzu sai karatun halinsu, wanda shi ne ya fi daɗi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to bari mu gwada shi.

Abu na farko haske. Masana taurari suna da ma'auni da suka gada tun daga Girkawan da, wanda yake tafiya a juye: tauraro mafi haske shi ne mai ƙaramar lamba, kamar yadda na ɗaya a aji ya fi na shida. Mafi raunin da ido ke iya gani a daji mai duhu yana daraja ta shida. A 1856 wani Bature mai suna Norman Pogson ya daidaita ma'aunin, ya ce bambancin daraja biyar daidai yake da ninki ɗari na haske. Mizar yana wajen daraja ta biyu, Suha ta huɗu, wato ya ninka ta haske kusan sau shida. Da yake nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne, wannan bambanci na gaske ne, ba ruɗin nisa ba. Ga wani amfani da za ka ci: Suha ma'aunin sararin unguwarku ce. Duk daren da ka gan ta cikin sauƙi, sama ta yi kyau. Duk daren da ta ɓace maka alhali jiya ka gan ta, ƙura ce ko hasken gari, ba idonka ba ne.

Na biyu launi. Duk su biyun farare ne tas. Don ka gane abin da wannan ke nufi, bi lanƙwasar mariƙin ludayin da ido ka ci gaba da ita kamar dunƙule uku, za ka iske wani babban tauraro mai launin ruwan goro, Arkturus, wanda Larabawa ke kira Simakur Ramih. Dubi shi, ka dawo ka dubi Mizar. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ƙarfe in ya fara zafi ja yake yi, in aka ƙara zuga ya koma ruwan ɗorawa, in ya kai maƙura ya yi fari. Haka taurari suke. Fuskar Arkturus tana da zafin digiri 4,300 a ma'aunin Kelbin, ta ranarmu 5,800, ta Suha ta haura 8,000, ta Mizar kuwa wajen 9,000. Da idonka kawai ka auna zafin wutar da ba za ka taɓa zuwa kusa da ita ba.

Na uku nisa, kuma a nan ido ya gaza, dole mu karɓi awon masana. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti takwas ne da 'yan daƙiƙoƙi. Daga Mizar sai ya yi wajen shekara 83 a hanya, daga Suha wajen 82. Hasken da zai shiga idonka yau ya baro gida kafin a haifi dattijo ɗan shekara tamanin. Kuma goyon nan da ɗan ƙanena ya gani goyo ne na nesa. Ko da a ce suna jere kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan haura rubu'in shekarar haske, wato nisan da ke tsakaninmu da rana sau dubu goma sha bakwai da ɗoriya; in kuma ɗaya na gaban ɗaya, tana iya kai shekarar haske guda ko fiye.

Dole a yi hattara da wannan, domin ba duk taurari biyu da ka gani a manne ba ne 'yan gida ɗaya. Wasu layi ne kawai ya haɗa su, kamar ka hangi fitilar babur a bakin titi da fitilar hasumiyar da ke bayan gari sun zo saiti ɗaya. Mizar da Suha ba haka suke ba. Tun 1869 Richard Proctor ya lura cewa biyar daga taurarin ludayin suna tafiya wuri ɗaya da sauri iri ɗaya, Suha ma tana cikin ayarin. Biyun da ke bakin iyaka, Dubhe a leɓen ludayi da Alka'id a ƙarshen mariƙi, baƙi ne, hanyarsu daban, nisansu ma ya fi: na farko shekarar haske 123, na biyu wajen 104. 'Yan ayarin daga gajimaren iskar gas ɗaya aka haife su, shekara miliyan 300 zuwa 500 da suka wuce, wato jarirai ne idan aka gwada su da rana mai shekara biliyan 4.6. Ko Suha tana kewaya Mizar ne, ko kuwa tafiya kawai suke tare, masana ba su gama daddalewa ba. In ma tana kewayawa, zagaye ɗaya zai ci dubban ɗaruruwan shekaru, don haka kada ka sa ran ganin ta motsa.

Idan kana iya aron madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50, ara. Jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota don kada ya yi rawa. Za ka ga Mizar da Suha sun rabu sosai, kuma can gefen tsakaninsu ga wani ɗan tauraro mai rauni ya yi kusurwa da su. Wannan yana da labari mai ban dariya. A 1722 wani farfesa a Jamus, Johann Georg Liebknecht, ya zaci sabuwar duniya ya gano, ya yi maza ya raɗa mata sunan sarki Ludwig na Hesse-Darmstadt. Ashe tauraro ne kawai da ke can baya, ya ninka Mizar nisa, layi ne ya kawo shi. Sunan dai ya zauna, har yau Tauraron Ludwig ake ce masa. Wayarka ma za ta iya ɗaukar Mizar da Suha in tana da tsarin hoton dare: jingina ta da dutse ko bulo, saka mata ƙidayar daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, ka cire hannunka.

Abin da madubi mai ido biyu ba zai yi maka ba shi ne raba Mizar kansa. Wannan sai madubin taurari mai ƙafa, ko da ƙarami ne, wanda ke kusanto da abu sau talatin ko fiye. A ciki za ka ga Mizar ya tsage biyu, fari babba da fari ƙarami, tazararsu ta gaza ta Mizar da Suha kusan sau hamsin. Benedetto Castelli ya ga haka a Italiya a 1617 har ya rubuta wa malaminsa Galileo ya duba, wani masanin taurari mai suna Riccioli kuma ya ambace shi wajen 1650. A 1857 aka ɗauki hotonsu a cibiyar kallon taurari ta Harvard a Amurka, karo na farko da aka ɗauki hoton tagwayen taurari. Tsakanin waɗannan biyun akwai aƙalla nisan rana da duniya sau 360, kuma kewayensu na dubban shekaru ne.

Daga nan kuma sai abin da babu madubin gida da zai nuna maka, amma ya kamata ka riƙe shi a zuciya yayin da kake kallo. Idan aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan baje kamar bakan gizo, da wasu siraran baƙaƙen layuka a ciki waɗanda sinadaran tauraron ke haifarwa. A 1889 Edward Pickering na Harvard ya lura cewa layukan babban Mizar wani lokaci ɗaiɗai suke, wani lokaci kowanne ya rabu biyu, kuma Antonia Maury ta yi aikin bin diddigin wannan sauyi. Dalilin kuwa ka san shi a kunne. Motar asibiti in tana tahowa jiniyarta siririya ce, in ta wuce sai ta yi kauri. Haske ma haka yake yi: na tauraro mai tahowa yakan gusa ta ɓangaren shuɗi, na mai tafiya ta ɓangaren ja. Layi ya rabu biyu ke nan taurari biyu ne, ɗaya na tahowa ɗaya na komawa, suna kewaya juna. Wannan ne karo na farko da aka gano tagwaye ta wannan hanya. Suna gama zagaye a kwana ashirin da rabi, kuma tazararsu rubu'in wadda ke tsakaninmu da rana ce. Kowannensu ya ninka rana nauyi sau biyu da ɗan ɗori, ya ninka ta faɗi kusan sau biyu da rabi, haske kuwa sau talatin da 'yan kai.

Wani zai ce wa ya ɗora tauraro a sikeli? Tagwayen ne sikelin. In an san tazarar da ke tsakanin taurari biyu da tsawon lokacin da suke ɗauka su kewaya juna, lissafin ƙarfin jan nauyi yana fitar da nauyinsu, domin masu nauyi sun fi saurin juya juna a tazara ɗaya. Yawancin abin da aka sani kai tsaye game da nauyin taurari daga irin waɗannan tagwaye aka samo shi, shi ya sa masana ba sa gajiya da su.

A 1908 aka gano ƙaramin Mizar ma biyu ne, masu zagaye a wajen kwana 175. Huɗu ke nan. Suha ta riƙe nata sirrin har 2009, lokacin da ƙungiyoyin masana biyu a Amurka, kowacce da aikinta daban, suka hango wani ɗan jan tauraro a gefenta, mai nauyin rubu'in rana kawai, ita kuwa ta kusa ninka rana sau biyu. Ɗigon haske biyu da kake gani taurari shida ne. Ni wannan ɗan jan ne ya fi ba ni sha'awa. Manyan farare irin na Mizar almubazzarai ne, suna ƙone makamashinsu da gaggawa, wajen shekara biliyan ɗaya ta ishe su, alhali rana za ta yi wajen biliyan goma. Shi kuwa ɗan jan nan, da ba a ma san da shi ba sai jiya-jiya, a hankali yake cin nasa kamar garwashin da aka rufe da toka, zai yi ɗaruruwan biliyoyin shekaru yana ci bayan sauran biyar sun mutu.

In Suha ta zama maka ruwan sha, akwai na gaba. A hunturu, dab da jan tauraron nan Aldabaran da ke bin Kaza da 'Ya'yanta, akwai wasu biyu masu kusan haske ɗaya, tazararsu rabin ta Mizar da Suha. Mai wuyar gaske yana kusa da Bega, farin tauraron nan mai ƙarfi da ke haskawa a arewa da daren damina, inda tazarar ba ta kai sulusin ta Suha ba. Wannan sai yara masu sabon ido, a ƙauye, daren da babu wata. Na gwada shi da tabarau ɗina sau uku ban raba shi ba. Ɗan ƙanena ya ce ya raba, na ba shi takarda ya zana mini yadda suke kwance, na duba da madubi, zanensa daidai ne.